Tambayi Majo: An buɗe ƙofar mashaya, tagar fa?

Saƙonnin da suka shigo mini wannan karon, a watan Agustan 2021, yawancinsu a kan abu guda ne: wuraren hirar dare na nan Maradi, mashaya da gidajen rawa da gidajen kallo, da sharuɗɗan korona da aka rataya musu. Wasu sun roƙe ni in ɓoye sunansu, sai na ɓoye na kowa. Ni tsohon majo ne, wato ma'aikacin jinya, da ya aje aiki, ba malami ba ne, ba kuma ɗan sanda ba, don haka ta fuskar lafiya zan amsa.

Baba Majo, ina gaisuwa. Ni mai balangu ne, shekara tara ina gashi a bakin wata mashaya. Allah shaida ban taɓa kai giya bakina ba, amma masu shanta su ne ke sayen namana. Kafin korona, tunkiya guda ba ta kai ni ƙarfe goma sha ɗaya. Sau biyu ana rufe wurin, har babur ɗina na sayar. Yanzu an buɗe, amma uban gidan wurin ya rage tebura, ya aje bokitin wanke hannu a bakin ƙofa, cinikina ya koma rabi. Baba, babbar kasuwa cike take maƙil ranar Litinin da Juma'a, ba wanda ya rufe ta. Ko korona da dare kaɗai take fita?

Ɗana, korona ba ta da agogo. Abin da take so iska ce da mutum ya fitar, wani ya shaƙa. Duk sanda kake numfashi, ƙananan ɗigon ruwa da ido ba ya gani suna fita ta baki da hanci. In ka ɗaga murya sai su ƙaru, in kana waƙa ko ƙyalƙyala dariya su ƙara ƙaruwa. Ka lura da turaren wuta: in matarka ta kunna shi a tsakar gida, kafin ka juya iska ta kwashe, amma in a ɗaki ne ta ja ƙofa, har gobe rigarka na ƙamshi. Haka numfashin mai cutar yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana jan ƙafa a kan wannan batu, sai a ƙarshen watan Afrilun 2021 ta rubuta shi ɓaro-ɓaro cewa cutar na tsayawa cikin iskar ɗakin da ba ya samun iska, har ta kama wanda ke zaune nesa.

Akwai wani gidan abinci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da masana suka bi diddiginsa. A watan Janairun 2020, iyalai uku suka zauna a tebura uku da ke jere, ba su san juna ba, ba wanda ya gaisa da wani. Mutum 10 daga cikinsu suka kamu. Da aka duba, dukansu a kan hanyar iskar kilim ɗaya suke, wato na'urar sanyaya ɗaki. Masu kai abinci da ke shiga suna fita, ba wanda ya kamu a cikinsu.

To auna kasuwa da mashaya. A kasuwa sama ce rufinka, ka taya, a sallama, ka wuce. A mashaya mutum yana zama awa uku, awa huɗu, kan kujera guda. Kiɗa na tashi, dole ka kai baki kunnen abokinka ka yi ihu kafin ya ji. Ba a sha da takunkumi a baki. Kuma in kwalba ta biyu ta wuce, wanda ya shigo yana ja da baya shi ne zai rungumi kowa. Abubuwa huɗu ke nan sun haɗu wuri guda, shi ya sa ƙasashe da yawa suka fara rufe irin waɗannan wurare, su ne kuma na ƙarshen buɗewa. A nan ma, cikin matakan da Shugaba Mahamadou Issoufou ya sanar ranar 17 ga Maris 2020, rufe mashaya da gidajen rawa da na silima ya zo tun kafin a samu mutum na farko da ya kamu a Yamai ranar 19 ga watan. Da cutar ta sake tasowa a Disamban 2020 aka sake rufe su.

Amma ba zan ɓoye maka sauran gaskiyar ba. Ba don iska kaɗai aka bar kasuwa ba. Babu gwamnatin da za ta rufe kasuwar Maradi ta kwana lafiya, domin daga can ake samo cefanen yau. Mashaya kuwa ba ta da mai tsaya mata a fili. Wanda ya kwana a cikinta jiya ba zai tashi gaban jama'a ya ce a buɗe ba. Saboda haka ita ce mai sauƙin rufewa, kuma in an rufe, ba mai tuna cewa akwai kai a bakin ƙofa, da mai kabu-kabun da ke jiran fasinjan dare, da mai gadi, da yarinyar da ke sayar da gyaɗa da dafaffen ƙwai, da mai tebur ɗin sigari da goro. Mai wurin yana da ajiya. Ku ba ku da ita.

Yanzu ga abin da nake so ka kai wa uban gidan naka. Lokacin da nake aiki an sha haɗa ni da ma'aikatan tsabta mu zaga irin waɗannan wurare, don haka na san fasalinsu. Yawancinsu fili ne da aka kewaye da katanga, kujerun ƙarfe ƙarƙashin itacen bedi, firji a lungu, janareto na kuka a baya. Wannan filin sa'a ce babba. A Ingila, da aka fara sassautawa ranar 12 ga Afrilun 2021, a waje kaɗai aka yarda a sha, mutane suna zaune cikin sanyi da rigunan ruwa, sai 17 ga Mayu aka bar su su shiga ciki. Abin da Turawa suka sha wuya kafin su samu, mu da shi muka tashi. Matsalar tana can ciki, ɗakin nan na manyan baƙi: ƙofar gilashi a rufe, labule mai kauri don kada a ga wanda ke zaune, kilim na juya iska guda tun magariba, shuɗiyar fitila, taga ɗaya da aka toshe da kwali tun ranar da aka sa kilim ɗin. Na taɓa shiga irinsa da hantsi, bayan an share, amma warin sigarin daren jiya na nan daram. In hayaƙi bai fita ba, numfashi ma bai fita ba.

Don haka rage tebura a fili, alhali ɗakin ciki na cike, asara ce kawai aka jawo maka. Gara ya rufe ɗakin, ko ya cire kwalin ya buɗe taga da ƙofa, ya fito da teburan waje da ɗan rata tsakaninsu. Damina ce, na sani, sai ya kafa rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe. Ya rage ƙarar kiɗa yadda mutum zai yi magana ba tare da ihu ba. Wannan ba ya cin ko dala.

Bokitin bakin ƙofa kuwa kada ka raina shi, ko da yake a batun korona ba shi ne kan gaba ba. A watan Agustan 2021 cutar amai da gudawa ta ɓulla a jiharmu, kuma ita ta hannu da ruwa da abinci take bi. Kai ne ke yanka nama, ka barbaɗa yaji, ka yanka albasa, sannan ka karɓi tsohuwar jika da ta zaga gari. Samu yaro ya riƙa karɓar kuɗi, kai ka tsaya kan wuƙa, da sabulu a gefenka. Kuma ka ba masu saye lambar salularka, ka shirya da mai kabu-kabu guda da ka yarda da shi. Akwai magidanta da yawa da ke son balangunka amma ba sa son a ga babur ɗinsu a ƙofar da kake. Ko an sake rufewa, wutarka ba za ta mutu ba.

Malam Majo, ni uwa ce, kuma kaka. Na ji ana ta maganar yadda za a buɗe gidajen giya cikin tsari. Wane tsari? Bara masallatai aka rufe mana, muka yi azumi cikin baƙin ciki. In akwai alherin da korona ta kawo, rufe waɗannan wuraren ne. Me ya sa ba za a bar su a rufe har abada ba?

Hajiya, na ji zafin da ke cikin wasiƙarki. Rufe masallatai ya yi wa jama'a ciwo, har aka yi tarzoma a Mirriya da Yamai, kuma sai ranar 13 ga Mayu 2020 aka buɗe wuraren ibada, azumi ya riga ya yi nisa. Hukuncin giya kuwa malamai sun faɗe shi, ba ni da abin ƙarawa.

Ta fuskar aikina ma kina da hujja, kuma zan ba ki ita. Duk wanda ya yi gadin dare a likita ya san daren Asabar: kan da aka fasa da kwalba, ɗan babur da ya hau kwalbati, matar da aka kawo da kumburarren ido tana cewa faɗuwa ta yi. Afirka ta Kudu ta hana sayar da giya gaba ɗaya daga 27 ga Maris 2020, ta sassauta a farkon Yuni, ta sake hanawa a watan Yuli, kuma dalilin da Shugaba Ramaphosa ya bayar shi ne masu rauni na cinye gadajen da ake buƙata don masu korona.

Sai dai dokar annoba aro ce, don cuta aka yi ta. In aka yi amfani da ita wajen cim ma wata manufa, ko da mai kyau ce, gobe in aka ce wa mutane su yi wani abu don lafiyarsu, za su ce wata ƙullalliya ce. Mun riga mun sha wuya da wannan a batun rigakafin shan inna. Kuma rufe ƙofa bai hana shan ba. Lokacin da aka rufe, sai aka koma ɗakunan haya, a ja labule, a rufe taga don kada maƙwabta su ji. Ta fuskar cuta, wannan ya fi filin mashaya muni nesa ba kusa ba. Garin nan ya ga wutar da aka sa wa mashaya a watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, kuma bayan toka ta huce wuraren suka dawo. In ana son a rage su, a zauna da hukumar gari da masu unguwa a yi maganar lasisi, da lokacin tashi, da nisansu da makaranta da masallaci, da hana yara shiga. Wannan hanya ce da za ki iya bi da sauran matan unguwa, kuma ba sai da korona ba.

Baba, ni ɗalibi ne a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da kiɗan DJ nake biyan hayar ɗaki. Na gani a Facebook Ingila ta buɗe gidajen rawa, ba takunkumi ba komai. Su da cutar ta kashe wa dubbai sun buɗe, mu da ba mu ga komai ba ana ta ja mana rai. Wannan adalci ne?

Ɗana, hoton da ka gani gaskiya ne. Ranar 19 ga Yulin 2021 Ingila ta buɗe gidajen rawa, karo na farko tun Maris 2020. Abin da hoton bai nuna maka ba shi ne wajen kashi biyu cikin uku na manyansu sun riga sun karɓi allura biyu. Duk da haka a makon suna samun wajen mutum 40,000 masu kamuwa kowace rana, kuma firaministan nasu, Boris Johnson, a killace ya yi ranar, domin ministansa na lafiya ya kamu. Holan ta riga su: ta buɗe ranar 26 ga Yuni, cikin mako biyu masu kamuwa suka ninka sau da yawa, yawancinsu matasa, aka sake rufewa ranar 10 ga Yuli, firaminista Mark Rutte ya fito ya ba jama'a haƙuri. Faransa kuma daga 9 ga Agustan 2021 ta sa doka cewa ko kofi ba ka zama ka sha sai ka nuna takardar rigakafi ko ta gwaji.

Mu an fara rigakafi a ƙarshen Maris 2021, da allurar Sinopharm, sannan AstraZeneca ta iso a Afrilu, amma har zuwa Agustan 2021 waɗanda suka karɓa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Gaskiya ne cutar ba ta yi mana irin ɓarnar da ta yi musu ba: zuwa Agustan 2021 waɗanda aka tabbatar a duk faɗin ƙasa ba su kai 6,000 ba, mamata wajen 200. Rabin ƴan Nijar ba su wuce shekara 15 ba, kuma rayuwarmu a waje take. Amma gwajinmu ma kaɗan ne, kuma "ba mu ga komai ba" ta yi yawa. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ita ta ɗauke shi a watan Mayun 2020. An buɗe iyakokin ƙasa a watan Yunin 2021, kuma ka san yawan mutanen da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, ga nau'in korona na Delta da ya ɓulla a Najeriya a 2021.

Kai dai nemi aikin fili: biki, suna, walimar kammala karatu. Kayan kiɗanka ba su san bambancin rufi da sarari ba. Kuma lasifikar hannu da ke yawo daga baki zuwa baki lokacin kiran sunaye da liƙi, ka riƙe taka daban.

Majo, ni gidan kallon ƙwallo gare ni, ba giya ba rawa. Wannan magana ta shafe ni?

Ta fi shafarka, malam. Zauren kwano, an toshe kowace kafa da buhu don kada yara su leƙa kyauta, samari sittin ko fiye a kan benci kafaɗa da kafaɗa, minti casa'in da hutun rabin lokaci, in aka ci kowa ya miƙe da ihu. In da ni ke rubuta doka, da ka riga mai mashayar fili shiga cikinta. Sunan wurinka ne kawai ba ya tayar wa kowa da hankali. An koma gasar Ingila tun 13 ga Agustan 2021, na san ciniki ya dawo. Cire buhunan sama, sama da tsayin yaro, ta gefe biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Fanka a rufaffen zaure juya iskar kawai take yi, sai ka aje ta bakin taga tana hurawa waje. Lokacin hutu ka fitar da kowa, ka bar ƙofa a wangale. Wasan dare kuwa, in ba hadari, fito da talabijin fili.

An ce wanda ke shan giya mai ƙarfi korona ba ta kama shi, tunda da barasa ake yin ruwan goge hannu.

Ƙarya ce. Ruwan goge hannu a kan fata yake aiki, ita kuwa cutar a hanci da huhu take zama, inda abin da ka haɗiye ba ya bi. A Iran wannan jita-jitar ta kashe ɗaruruwan mutane a 2020, waɗanda suka sha barasar masana'antu, wasu kuma suka makance.

Uban gidanmu yana so ya sayi na'urar auna zafi irin mai kama da bindiga, ya kuma aje littafi kowa ya rubuta sunansa da lambarsa. Yana da amfani?

Na'urar ba ta da yawan amfani. Mutum na yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin zazzaɓi ya zo, wasu ma ba ya zuwa musu sam, kuma a wannan damina goshi mai zafi galibi zazzaɓin sauro ne. Littafin kuwa dabara ce mai kyau a takarda. A Seoul ta Koriya ta Kudu, a farkon Mayun 2020, wani saurayi mai shekara 29 ya zaga gidajen rawa na unguwar Itaewon a dare guda, daga baya aka danganta sama da mutum 200 da wannan ɓarkewar. Littafin na nan a bakin ƙofa, amma da aka zo kira, dubban mutane ba su samu ba, da yawa lambar ƙarya suka rubuta don ba sa son a san inda suka je. To wa kake zaton zai rubuta sunansa na gaskiya a littafin mashaya a Maradi? Kuɗin na'urar a ba kafinta ya buɗe taga.

Baba Majo, mijina ke kai wa mutane abin sha a wani wuri, ba ya dawowa sai ƙarfe biyu. Innarsa tare muke, ta tsufa, tana da ciwon sukari da hawan jini. Ɗaki biyu gare mu. Ya ce in ya bar aikin me za mu ci. Ina tsoro.

Ɗiyata, tsoronki a kan hanya yake, domin irin Inna su ne cutar ta fi kayarwa. Ban ce ya bar aikin ba. Abu na farko, su biyun su je su karɓi rigakafi, ke ma haka. Kyauta ne, kuma sukari da hawan jini ba su hana ba, su ne ma dalilin da ya sa za a sa ta gaba. Ku tafi da katin likitarta da magungunan da take sha, ku nuna wa majon wurin. In ta ji ciwon hannu ko ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, ba abin tashin hankali ba ne. Ku riƙe ranar allura ta biyu, don da yawa a nan suke yin sakaci.

Shi kuma ya sa takunkumi a bakin aiki, ko da shi kaɗai ne mai shi a wurin. Masu sha suna da uzurin cirewa, shi ba ya da shi. Ya samu guda biyu ko uku na yadi mai ninki, ki riƙa wankewa da sabulu kina shanyawa a rana. In akwai ɗakin kilim a wurin, ya roƙa a bar shi a teburan waje, in kuma dole ne ya shiga, ya aje ya fito. Gaisuwar safe da Inna a yi ta a tsakar gida, kan tabarma, ba a ƙuryar ɗakinta ba.

In ya tashi da mura, ko tari, ko ya ce ba ya jin ƙamshin miya, ya kwana shi kaɗai da taga a buɗe, ke ki koma wajen Inna da yara, ya je a gwada shi, a duba har da zazzaɓin sauro. Ita kuwa, in kika ga numfashinta na sama-sama, ko ta kasa ƙarasa magana ba tare da ta tsaya ta huta ba, ko sukarinta ya hau ba dalili, kada ku jira gari ya waye, kuma kada ku tsaya wajen mai maganin tebur. Ku ɗauke ta zuwa likita a daren, ku gaya wa wanda ya karɓe ku irin aikin da ɗanta yake yi.